Baba Labaran da Taron Alhamis

Shagona na ɗinki a Unguwar Kanawa yana kallon ƙofar gidan Baba Labaran ne, lungu kawai ya raba mu. Wanda ya yi shekaru yana taka keken ɗinki a bakin hanya, ko ba ya so sai ya san shigar maƙwabcinsa da fitarsa. Abin da zan faɗa a kansa, wani da idona na gani, wani kuma shi ya ba ni da bakinsa a kan bencin shagon nan.

Mutumin ƙasar Kano ne, daga wani ƙauye a wajen Bichi. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi dako a tasha, ya yi yankan ciyawa a bariki, har wani akawu ya lura da saurin ƙafarsa ya yi masa hanya aka ɗauke shi masinja a ofishin gwamnatin Jihar Arewa. Ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana kai takardu daga wannan ofis zuwa wancan, da farko a ƙafa, daga baya a kan keke. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kakinsa kullum a goge. Matarsa ɗaya, Rabi. Sun haifi 'ya'ya da dama amma ɗaya ce ta rayu, Asma'u, kuma da yake ita ce ta fari bai taɓa kama sunanta ba. Da aka yi mata aure mijin ya tafi da ita Sakkwato, sai ya koma ce mata "ta Sakkwato".

A da, akwai majalisa a gindin dalbejiyar da ke bakin lungunmu. Masinjoji ne da direbobi da masu dafa abinci a gidajen manya, duk sa'o'insa, suna haɗuwa bayan la'asar su yi ta hira har a kira magariba. Da aka raba Arewa jihohi shida, aka ce kowane ma'aikaci ya bi jiharsa. Muka yi ta ganin manyan motoci ana loda musu gadaje da tukwane da awaki. Wannan ya nufi Maiduguri, wancan Ilori, wancan Jos. Shi ma an ce ya bi Kano, ya ce ya tsufa da koyon sabbin ƙofofi, ga shi ya riga ya rufa wa gidansa kwano. Sai ya ajiye aiki. Kafin damina ta zagayo, shi kaɗai ya rage a gindin dalbejiyar, daga baya ma ya daina shimfiɗa tabarma a wurin.

Rabi ce ta riƙe shi a waɗannan shekaru. Mace ce mai fara'a da surutu, daga shagona nakan jiyo muryarta tana ba shi labarin unguwa, shi kuma yana cewa "to" kawai. A shekarar da annobar amai da gudawa ta shigo gari, ta kwanta da hantsi, kafin la'asar an ɗauke ta zuwa asibiti. Saboda cutar tana yaɗuwa, ba a barin 'yan'uwa su shiga. A waje ya tsaya, jikin taga, yana shaƙar warin maganin da ake wanke ƙasa da shi. Washegari aka ba shi gawa.

Asma'u ta zo zaman makoki, ta yi kuka ta roƙe shi ya bi ta. Ya ce shi ba zai ƙare kwanansa a gidan suruki ba. Ta koma ta bar shi.

Daga nan gidan ya yi shiru. Da safe ya sayi koko da ƙosai, da dare a kawo masa tuwo daga gidan Asabe mai tuwo, tsakanin nan kuma goro ne da rediyo. Yana zuwa masallaci, ana gaisawa, amma yawancin waɗanda suka cika sahu baƙin fuska ne, matasan ma'aikata da suka kama haya a ɗakunan abokansa. Suna girmama shi, su rusuna su ce "Baba, ina wuni", su wuce. Wata rana jiri ya ɗebe shi a kan keke a hanyar Kurmin Mashi, ya faɗi ya ƙuje gwiwa. Bai gaya wa kowa ba, sai dai na ga ya turo keken ya shige da shi ciki, bai kuma sake fitowa da shi ba. Nakan hango shi a zaure ya dafe ƙeya da hannu, idan na tambaya ya ce rana ce.

Wajen shekara uku da rasuwar Rabi, mai shela ya bi unguwa yana sanar da cewa an buɗe taron dattawa a ɗakin shan magani, duk ranar Talata da safe. Za a auna jini, a yi bayani a kan abinci da ruwan sha da motsa jiki, kuma ba sai mutum yana ciwo ba. Mutane suka ji suka ci gaba da harkokinsu. Bayan 'yan kwanaki sai ga mai taron da kanta tana bi gida gida. Malama Saratu sunanta, ma'aikaciyar lafiya ce, 'yar ƙasar Bauchi, gajera mai farar riga da jakar fata a kafaɗa. Ta yi sallama a zauren Baba Labaran, ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta.

Ya ce, "Na gode, 'yar nan. Amma ni lafiyata ƙalau."

Ta ce, "Ai masu lafiyar muke nema, Baba. Wanda ya riga ya kwanta, asibiti ake kai shi."

"To in an auna an ga ciwo fa?"

"Sai a nemi magani."

"In ba a auna ba kuma, sai mutum ya ci gaba da zamansa."

Ta yi murmushi, ba ta ja maganar ba. Ta ce dai ƙofa a buɗe take, ta yi masa sai an jima. Bayan ta tafi ya tsallako shagona ya zauna. Can ya ce rabon da wani ya yi sallama a zauren nan takanas dominsa har ya manta.

Talatar farko na ga ya fito cikin tsohon kwat ɗinsa na kaki, ya sa hula ya kama hanya. Ba a jima ba ya dawo. Daga baya ne ya gaya mini abin da ya faru. Ya isa bakin titi, ya hango barandar ɗakin shan maganin cike da mata masu goyo, domin ashe ranar ce kuma ake awon jarirai. Iska ta kwaso warin maganin nan na wanke ƙasa ta watsa masa a fuska. Ya ce nan take ya ga tagar da ya tsaya a jikinta. Sai ya tsaya a tsallaken titi kamar mai jiran mota, har ƙafarsa ta gaji, ya juyo gida.

Ya yi makonni yana fama da zuciyarsa kafin ya sake gwadawa, kuma wannan karon ya shiga. Tsofaffin da suka zo ba su da yawa, an zaunar da su a kan wani gajeren benci a ƙarshen baranda, irin wanda in mai ciwon gwiwa ya zauna sai an kama shi zai tashi. Malama Saratu tana ciki wurin jarirai. Wanda ya tsaya a kan tsofaffin wani saurayi ne sabon fitowa daga makarantar aikin lafiya. Ba mugun yaro ba ne, amma rabin maganarsa Turanci ne, kuma sauri yake yi. Rana ta take, azahar ta matso, ba a zo kan Baba ba. Da aka zo kansa, saurayin ya ɗaga murya ya ce, "Labaran!" haka gatsau, kamar mai kiran ɗan makaranta. Ya naɗa masa abin awon jini a damtse, ya matsa, ya duba, ya ce jininsa ya hau sosai. Sannan ya tambaye shi da ƙarfi, a gaban matan nan, ko sau nawa yake tashi fitsari kafin gari ya waye.

A cikin matan akwai 'ya'yan maƙwabta, har da wata ƙawar Asma'u da ya taɓa goyawa a kan kekensa tana ƙarama. Wasu suka rufe baki da mayafi. Baba ya ce, "Ban ƙirga ba." Ya warware hannun rigarsa, ya dafa bango ya miƙe, ya fita bai karɓi maganin ba.

Ya yi kwanaki ko shagona bai leƙo ba. Sai ga Malama Saratu ta zo wurina tana tambaya ko lafiya, domin awon da aka yi masa ya tayar mata da hankali. Na ce gara ta ji daga bakinsa. Ta tsallaka, ta zauna a dokin ƙofar zauren, a ƙasa, ta gaishe shi, ta tambaye shi abin da ya faru. Ya ce ba komai. Ta ce to, amma ba ta tashi ba. Ina ɗinki ina satar kallonsu. Akuyar gidan Asabe ta zo ta leƙa ta wuce. Sannan ya fara magana, kansa a sunkuye.

"Malama, ni fa ba tsoron allura nake yi ba. Warin wurin nan ne ba na iyawa, kin san a asibiti mai ɗakina ta cika. Sannan kun haɗa mu da 'ya'yan cikinmu. Abin da mutum ba zai faɗa a gaban 'yarsa ba, shi ake tambayarsa da ƙarfi. Na yi aiki da Turawa, na yi da namu, kowa in zai kira ni sai ya sa wani abu a gaban sunana."

Ta ce, "Mun yi kuskure, Baba, ku yi haƙuri. To da ku aka ba wa abin nan ku shirya, yaya za ku yi?"

Ya ɗago ya dube ta. Ya gaya mini daga baya cewa duk tsawon aikinsa aikensa ake yi, ba a taɓa tambayarsa yadda za a yi abu ba. Ya yi tunani, ya ce da shi ne, ba da safe ba, domin tsoho da safe jikinsa bai saki ba, ga kuma fargabar azahar ta wuce shi. Bayan la'asar ya fi. A kan tabarma, ba benci ba. Maza daban, mata daban. Kuma a fito da shi daga ɗakin shan magani a kawo shi cikin mutane. Ya ce akwai rumfar Malam Ja'afaru a bayan masallaci, ranar Alhamis ba karatu, wurin a sake yake.

Malam Ja'afaru tsohon malamin allo ne, Bazazzagi, mutum mai kaifin harshe wanda ba ya shiri da kayan asibiti. Malama Saratu ta ce ita ba za ta iya tunkararsa ba, sai dai in Baba zai je a madadinta. Ya ce zai gwada.

Da ya je ya yi bayani, Malam ya ce, "Malam Labaran, kai ma ka shiga? Ranar da aka rubuta wa mutum, awo ba ya ɗaga ta."

Baba ya ce, "Haka ne, Allah gafarta Malam. Sai dai na ga ku ma kuna sa tabarau in za ku duba littafi."

Malam ya cire tabarau ɗin ya juya shi a hannu, ya yi 'yar dariya. Ya ce rumfa dai ya ba da aro, amma hannunsa ba wanda zai naɗa wa komai.

Saura kiran mutane. Malama Saratu ta ce shela ba ta kawo kowa ba, kuma ita baƙuwa ce, ba ta san ƙofofin da tsofaffi ke bayansu ba. Ta ce, "Baba, ko za ku taimaka mini da wannan ma?" Ranar Laraba da hantsi na ga ya fito da kwat ɗinsa da sandarsa, tafiyarsa har ta canza.

A yawon nan ne ya gano cewa ba shi kaɗai ba ne. Yakan dawo ya zauna a shagona yana ba ni labari, yana girgiza kai. A Unguwar Sarki ya sami Malam Rabe, tsohon mai gadi, wanda ya ji shelar tun farko kuma yana son zuwa, amma babban titin da ya taho daga Kawo ya tsare shi. Tun da aka juya tuƙi aka koma hannun dama, ya kasa gane ta inda mota za ta ɓullo, ga motoci da babura sun yi yawa a gari. Ya kusa shekara biyu bai tsallaka titin ba. Baba ya ce zai riƙa zuwa yana ɗaukarsa. Haka kuwa aka yi. Duk Alhamis sai ka gan su a bakin kwalta, Baba ya riƙe hannun Malam Rabe, ya ɗaga sandarsa sama, direbobi su taka birki suna tsaki, su biyu su tsallaka a hankali.

Wani kuma ya yi ta kawo uzuri, yau baƙi gobe mura, har Baba ya lura riga ɗaya gare shi kuma ta yage a kafaɗa. Ya karɓo ta da dabara ya kawo mini na ɗinke. Amma akwai wanda ya gagara. Wani dattijo ne a Kurmin Mashi da ke zaune a gidan ɗansa, babban akawu. Tsohon ya so zuwa, ɗan ya hana, wai mutane za su ce ya kasa kai mahaifinsa wurin likita sai rumfar makarantar allo. Baba ya koma gidan har aka fara ce masa tsohon yana barci. Bai taɓa zuwa taron ba har ya rasu, kuma abin ya daɗe yana damun Baba.

Taron ya fara da 'yan mutane kaɗan, ya yi ta ƙaruwa har rumfar ta cika. Malama Saratu takan zo da jakarta bayan an sallame la'asar, ta zauna a gefen tabarma. Wanda za a auna sai ya matsa bayan zana, su yi magana ƙasa-ƙasa, ba mai jin na wani. Bayani kuma da Hausa take yi, ba ta tsawaitawa, sauran lokacin ta bar su su yi musu a kan goro da kanwa da garin taba. Tsofaffin mata ma ta shirya musu nasu a cikin wani gida ranar Asabar. Malam Ja'afaru yakan zauna can gefe da carbinsa kamar ba ya ji. Wata Alhamis, ba wanda ya roƙe shi, ya naɗe hannun riga ya ce a naɗa masa abin, yana so ya ga abin da ake gani. Nasa jinin ya fi na kowa hawa.

Da Malama Saratu ta ce a rage gishiri, Baba ya ce, "Malama, miyar da ban dafa ba yaya zan rage mata gishiri?" Washegari ta shiga gidan Asabe mai tuwo suka yi magana, daga ranar Asabe take kwashe masa tasa miyar kafin ta ƙara gishirin ƙarshe. Ya yi ta ƙorafin cewa miyar ta zama lami, amma yana shanyewa. Yana shan ƙwayoyin da aka ba shi, ciwon ƙeyar ya lafa.

Maganar tafiyar ƙafa ce ta fi ba da wuya. Ta ce kowa ya riƙa ɗan tattaki kullum. Malam Ja'afaru ya ce dattijo da furfurarsa ba ya fita yawo ba dalili, yara za su ɗauka ya fara ruɗewa. Shi ne kuma ya kawo mafita. Ya ce ai dubiya lada ce, a riƙa zuwa duba marasa lafiya. Daga nan shi da Baba suka zama abokan tafiya. Duk inda aka ji wani tsoho ya kwanta, a unguwarmu ko a Unguwar Sarki ko Kurmin Mashi, sai su kama hanya da yamma, Malam yana magana Baba yana cewa "to". In ba wanda ya kwanta, sai su je yi wa wanda ya warke barka.

Kada a ɗauka kaɗaicin ya tafi. Alhamis rana ɗaya ce a mako, dubiya kuma ba ta wuce ɗan lokaci. Da magariba kowa yana komawa cikin iyalinsa, shi kuma ya tura ƙofa ya kunna fitila da kansa. Ya taɓa ce mini, "Audu, Laraba ce ranar da na fi so, domin ina yawo kuma na san gobe za a haɗu. Juma'a da safe kuwa sai in ga gidan nan ya ƙara girma." Duk da haka, a waɗannan shekaru biyu na ji dariyarsa, abin da ban ji ba tun rasuwar Rabi.

Sai aka sake ƙirƙiro sabbin jihohi. Bauchi ta sami tata, aka kira mijin Malama Saratu gida, ita ma dole ta bi shi. Ta zo taronta na ƙarshe ta yi sallama da kowa. Da ta zo kan Baba ta durƙusa ta ce ya yafe mata, ta roƙe shi kada ya bar shan magani. Ya ce, "Allah ya kai ki lafiya, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka." Ya miƙe. Ya naɗe tabarmi ya jingine su kamar yadda ya saba.

Wanda aka turo a madadinta mutumin kirki ne, amma aiki ya yi masa yawa, shi kaɗai ne a kan unguwanni da dama. Ya zo rumfar 'yan lokuta, sannan ya ce an hana fita da abin awo daga ofis, kuma yamma ba lokacin aiki ba ce. Taro ya koma ɗakin shan magani, ranar Talata da safe. Baba bai yi gardama ba. Ya ci gaba da zagayensa yana gaya wa mutane sabon lokaci, shi ma yakan daure ya je ya karɓi ƙwayoyinsa, ya fito da sauri. Amma Malam Rabe ya ce safiya motoci sun fi yawa. Wani ya ce gwiwa, wani ya ce jika aka bar masa. Baba ya gwada tara su a rumfa ranar Alhamis ko ba awo, don hira kawai. Suka zo na ɗan lokaci, sai dai ba mai jaka da za a taru dominta, kowa ya fara jin nauyin a ce ya baro gida don zaman banza. A hankali rumfar ta koma wurin shanya alluna.

Tafiyar dubiya ce ta rage, ita ma ba ta daɗe ba. Malam Ja'afaru ya bar shan maganinsa tun da karɓarsa ta koma sai an je layi, ya ce ba zai zauna a baranda ana kiran sunansa ba. Wata safiya yana cikin biya wa ɗalibai karatu, allo ya suɓuce daga hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta ɗauke. Baba ya koma zuwa dubiya wuri ɗaya. Kullum bayan la'asar yana zaune a gefen shimfiɗar Malam, yana kore masa ƙuda. Yanzu shi ne mai maganar, shi da bai iya hira ba. Yakan ba shi labarin ofis na da, da sunayen mutanen da suka tafi Maiduguri da Ilori, Malam yana binsa da ido. Bayan 'yan watanni 'ya'yan Malam suka zo daga Zariya suka tafi da shi gida.

Bayan wannan Baba ya faɗa sosai. Ya koma zaman zaure, rediyo a gefensa ko a kunne ko a kashe. In na aika masa da shayi ya sha rabi. Da daminar shekarar ta kama, wani sashe na katangar gidan ya zube, ya bar shi a haka. Asabe ce ta sami wani direban da ke zuwa Sakkwato ta ba shi saƙon baki.

Asma'u ta zo da mijinta a cikin mota. Wannan karon ba ta yi kuka ba, ta shiga ta fara haɗa kaya kawai. Na ɗauka zai yi gardama, sai na ji ya ce, "To." Ya zagaya ya yi sallama da liman da mai unguwa da Asabe. Ya zo shagona ya ba ni hannu, ya ce in yafe masa zaman da ya yi ta yi mini a benci yana hana ni aiki. Na ce ni ne da godiya. Suka sa shi a gidan gaba. Har motar ta fita daga lungu yana kallon gabansa, hannayensa biyu a kan sanda.

Shekara ɗaya da wani abu bayan haka, mijin Asma'u ya shigo Kaduna wani aiki, ya biyo ta shagona ya gaya mini Baba ya rasu. Ya ce ba su rage shi da komai ba. Ɗakinsa daban, abincinsa a kan kari, ana kai shi ganin likita a mota. Unguwar ma'aikata ce, gidajen a ware suke da shingen waya, da safe kowa ya fita sai yamma. Baba yakan sa a fitar masa da kujera bakin ƙofa, duk wanda ya gifta ya yi masa sallama, a amsa masa da ladabi a wuce. Ya taɓa tambaya ko akwai inda tsofaffin wurin ke haɗuwa, aka bincika ba a samu ba.

Ranar da zai cika, ya sha kokonsa da safe, ya ce wa Asma'u ta miƙo masa takalmansa. Ta shiga ɗaki ta ɗauko, ta dawo ta tarar ya jingina da bango, rai ya yi halinsa. Ba wanda ya san inda ya yi niyyar zuwa.

Allah ya jiƙan Baba Labaran, ya sa ya huta.